Madatsar Yaya Telo

Shekara ashirin da biyu ke nan ina jan alfadari daga bakin teku zuwa magangarar ruwan garinmu, Yagrumo, da baƙi a bisa suna tambayata ko dabbar tana cizo. Sunana Casilda. Ban yi wani dogon karatu ba, amma kafin mutum ya ɗora ƙafa a likkafa na san nauyinsa, na kuma san ko zai yi mini amai a hanya.

Muna yara sunan wurin Fitsarin Alfadari, don da rani haka yake: ɗan siririn ruwa ne ke bin jikin wani baƙin dutse mai tsayin bishiyar kwakwa uku, ya ɗiga cikin ɗan tafki. Da damina kuwa haukacewa yake yi, ya yi jawur da laka, ba mai kusantarsa. Da aka fara gina otal-otal sai aka kafa kwamitin yawon buɗe ido, kwamitin kuma bai ga aikin da ya fi gaggawa ba sai raɗa wa komai na garin sabon suna. Dutsen da ke cikin teku gaban kasuwar kifi, wanda kakanninmu ke kira Kan Alade saboda kan alade ne ƙiri-ƙiri har da hancinsa, ya koma Kambin Sarauniya. Fadamar bakin kogi, inda sauro ke cinye masu kamun ƙaguwa da ransu, ta koma Lambun Teku. Namu kuma aka ce daga yau Mayafin Amarya ne.

Abin da kwamiti bai lissafa ba shi ne baƙi da rani suke zuwa, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙasashensu ke daskarewa, mu kuma ƙattin kifayen teku ke shigowa gaɓarmu su haihu. Wato daidai lokacin da amaryar ba ta da ko ɗankwali.

Yayana Eleuterio, wanda kowa ke kira Telo, shi ke noma gonar mahaifinmu can a ƙolin dutsen, inda rafin ke ratsawa kafin ya faɗo. Koko ne da doya da agada, sai aladu uku. Telo mutum ne da za ka yini da shi bai furta kalma ashirin ba. Tun matarsa na da rai ya tare rafin da duwatsu da laka, ya yi 'yar madatsa don shayar da kokonsa da rani. Ƙofar madatsar murfin wani tsohon firji ne da ya ɗauko a ka tun daga gari.

Wata shekara na hau na same shi yana fasa koko, na ce, "Yaya, yau wata Baturiya ta kalli ruwan nan ta ce shawar banɗakinta ta fi shi. Ta ce in juya da ita. A haka za mu ci abinci?"

Ko ɗaga kai bai yi ba. Washegari da ƙarfe goma, muna isa gindin dutsen da baƙi takwas, sai muka ji ruri daga sama. Ruwa ya zubo fari fat, ya baje a jikin dutsen, feshinsa har kan fuskokinmu. Baƙi suka hau ihu suna tuɓe riguna.

Tun daga ranar, shekara goma sha tara, Telo bai fasa ba. Ruwa ya kwana yana taruwa, da asuba ya ɗebi na kokonsa, ƙarfe goma ya ɗaga murfin firji, ƙarfe uku ya mayar. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa biyansa. Mu masu alfadarai mukan aika masa da soyayyen kifi, da Kirsimeti kuma kwalbar barasa. Duk Yagrumo an sani. Mai sayar da tikiti ya sani, 'yan acaba sun sani, Fada Anselmo limamin cocinmu ya sani. In baƙo ya yi sammako, sai mu tsayar da shi a hanya muna nuna masa ganyayyaki muna ƙirƙiro musu magani har goma ta buga.

Shugaban kwamitin shi ne Don Abelardo Peguero (Don ɗin laƙabin girmamawa ne a wajenmu), mai otal ɗin da ya fi kowane girma a bakin ruwa. Farin wando, farar hula, turaren da ke riga shi shiga ɗaki. A layin bayan kasuwar kifi aka haife shi, uwarsa da tamu a kasko ɗaya suka yi suya, amma yanzu in zai wuce ta wurin sai ya toshe hanci da hankici. Shi ya rubuta takardar tallan da ake raba wa baƙi, inda aka ce Mayafin Amarya ruwa ne da hannun ɗan Adam bai taɓa taɓawa ba. Shi ne kuma, aƙalla sau biyar da na sani, ya aiko direbansa wurina ya ce in gaya wa yayana ya buɗe da wuri, akwai jirgin ruwa da ya kawo baƙi masu sauri.

To, bara waccan Don Abelardo ya ƙwallafa rai sai an sa magangarar cikin jerin wuraren da hukuma ke karewa. In aka yi haka za a zuba kwalta har gindin tudu, a kafa allon ƙarfe, a jikin allon kuma akwai wurin sunan shugaban kwamiti. Wani ofishi a babban birni ya turo injiniya ta duba wurin, wata matashiya mai suna Yudelka, da takalmin daji da littafi a aljihu. Kwamiti ya shirya mata abinci da kwale-kwale a zagaya da ita Kambin Sarauniya. Ta ce ita rafin take so ta bi har inda ya fito. Ni na kai ta.

Da ta ga murfin firjin sai ta zauna a kan dutse ta yi dariya har da hawaye. Telo ya dafa mata kofi. Ta auna zurfi, ta auna faɗi, ta tambaye shi yadda ya san daidai inda zai bar wa ruwa hanya in an yi ambaliya. Ya nuna mata da tsinin adda.

"Don Telo," in ji ta, "na ga waɗanda aka kashe wa miliyoyi ba su kai wannan ba. Amma dole in rubuta abin da na gani."

"Rubuta mana," ya ce. "Ai ba ɓoye shi na yi ba."

Rahotonta shafi biyu ne. Na farko ya ce akwai gini marar izini a kan rafin. Na biyu ya ce in babu ginin nan, daga Fabrairu zuwa Afrilu abin da zai riƙa sauka bai fi cikin bokiti ɗaya a minti ba. Daga baya na ji daga bakin mai share ofishin kwamiti cewa shafi na biyun a ƙarƙashin kofin Don Abelardo ya ƙare.

Aka kira taro a zauren otal ɗinsa, aka aika wa Telo ya sauko. Ya zo da wankakkiyar rigarsa ta coci, ya zauna a kujerar baya da hularsa a gwiwa. 'Yan kwamiti su bakwai a gaba, kowa da gorar ruwan sanyi: masu otal uku, mai kantin magani, matar magajin gari, da wasu biyu da aikinsu gyaɗa kai.

Don Abelardo ya miƙe ya dafa ƙirji. "Jama'a, na kaɗu. Da na karanta wannan takarda ban iya cin abinci ba. Ashe duk shekarun nan mutum ɗaya ya tare ruwan da Allah ya ba garin nan baki ɗaya, yana sakar mana shi da awo kamar mai sayar da kananzir!"

Matar magajin gari ta rufe baki da hannu. Ita da ta yi hoton bikin 'yarta a gindin ruwan, ta kuma aiko a tambayi Telo ko zai iya ƙarawa zuwa ƙarfe huɗu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Don Abelardo, yau ka sani? Direbanka Chepe yana waje, a kira shi mana ya faɗi saƙon da yake kawo mini."

"Casilda, nan ba kasuwar kifi ba ce."

"Ai na gani. A kasuwar kifi in abu ya ruɓe faɗa ake yi."

Aka yi 'yar dariya a baya. Fuskarsa ta yi ja, sai ya juya kan wanda ya san ba zai rama ba. "Abin da Eleuterio ya yi sata ce. Satar ruwa. Ku yi tunani, in an cire duwatsun nan, ruwan da ke zuba awa biyar zai zuba dare da rana. Mayafinmu zai dawo yadda Mahalicci ya yi shi."

A nan na gane abin ya wuce munafunci. Mutumin da gaske yake. A garin nan ya girma, ya yi iyo a tafkin nan tsirara, amma ya karanta takardar tallansa har ya yarda da ita.

Telo ya miƙe a hankali. "So kuke in rushe?"

"Kafin ranar bikin ƙaddamar da allon. Asabar ta sama."

"Duka?"

"Ko tsakuwa ɗaya kar ta rage."

"A rubuta mini, a sa hannu."

Aka rubuta, su bakwai suka sa hannu, har da hatimi. Ya ninke takardar ya sa cikin hularsa, ya fita.

Da yamma mu masu alfadarai shida muka hau muka same shi. Ƙawata Fefa, wadda ta riƙe 'yata ranar baftisma, ita ce mai baki a cikinmu. "Telo, don Allah ka rabu da wannan jakin mai farin wando. Ka ɗan cire duwatsun sama ka rufe sauran da ganye. Wa zai hau ya duba? Shi? Da wannan tumbin?"

Telo na wasa addarsa. "Ɓarawo ya ce."

"To ya ce ɗin! Mu ba mu san ka ba ne?"

"A gaban mutane ya ce, Fefa. Kuna nan zaune."

Gaskiyarsa ce, don ban da ni ba wanda ya buɗe baki a zauren, har ita Fefa ɗin.

Kwana huɗu ya yi yana rushewa shi kaɗai. Ya kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya gina wa aladunsa katanga da su, murfin firjin ya zama ƙofar ɗakinsu. Ranar da ya gama sai aka yi wani ruwan sama na bazata, kwana biyu ana yi. Rafin ya cika, magangara ta zuba tun safe har dare. Don Abelardo ya tura mai hoto, ya shiga gidan rediyon garin da ke maƙwabtaka da mu yana cewa sun 'yantar da ruwa. Sannan ya sa aka rufe hanyar tudun mako guda don a yi wa matakala fenti.

Ruwan sama ya ɗauke. Rana ta fito irin ta Maris. Masu fenti suna can kullum suna kallon ruwan yana ramewa: Litinin kamar zane, Laraba kamar igiya, Juma'a kamar zare. Ba wanda ya je ya gaya wa kwamiti. Duk garin an sani, kamar yadda aka saba, kuma wannan karon kowa ya ja bakinsa ya goge takalminsa na fita.

Ranar Asabar aka taru a gindin tudu tun ƙarfe takwas. 'Yan badujalar makarantar sakandare da kayansu masu zafi, Fada Anselmo da bokitin ruwan albarka, masu hoto biyu daga birni, da babbar baƙuwa, Doña Rosaura, mataimakiyar wani darakta, wadda ta zo hawan tudu da takalmi mai tsini. Ni aka ba ita, na ɗora ta a kan Paloma, alfadarata mai haƙuri. Don Abelardo ya hau Capitán na Fefa, dabbar ta yi wani nishi da kowa ya ji.

Duk hanya bakinsa bai rufu ba. "Ranki ya daɗe, tun daga kwanar can za ki fara jin rurinsa. Baƙi kan ce kamar aradu. Akwai wata daga Jamus da ta fashe da kuka."

Muka kai kwanar. Tsuntsaye muka ji, da kofaton alfadarai, da numfashin mai busa babban ƙaho. Bayanmu kuwa rabin Yagrumo ne ke biye a ƙasa, har tsofaffin da rabonsu da tudun an yi shekaru, kowa ya yi tsit kamar a coci.

Muka ɓullo fili. Ga dutsen nan tsaye baƙi ƙirin, a bushe, sai wani ɗan layi mai danshi a tsakiyarsa kamar gumi a bayan riga. Tafkin ya ja baya ya bar laka da wani silifa ƙwaya ɗaya. An ɗaura jan kyalle daga bishiya zuwa bishiya, allon ƙarfen kuma an lulluɓe shi da tuta.

Doña Rosaura ta cire tabarau. Ta duba dama, ta duba hagu. "Sauran tafiyar da nisa?"

"Nan ne, ranki ya daɗe," na ce.

"Ina ruwan?"

Don Abelardo ya dubi dutsen. Sai na ga ya ɗaga hannu ya duba agogo, ya ce, "Ai goma ba ta yi ba tukuna."

Na rantse haka ya ce. Shekara goma sha tara ta sabar masa, bakinsa ya riga kansa.

"Me ke faruwa ƙarfe goma?" in ji Doña Rosaura.

Fefa ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi zai ji. "Ƙarfe goma ɓarawo ke buɗe mana, ranki ya daɗe! Amma shugaba ya kore shi!"

Dariyar da aka yi sai da ta firgita alfadarai. Wani tsoho ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Malamin badujala, da bai san abin yi ba, ya ɗaga sanda, yara suka kama taken ƙasa, dole kowa ya miƙe ya nutsu yana cije leɓe. Muka tsaya muna kallon busasshen dutse har taken ya ƙare. Goma ta yi, ta wuce. Wani ƙadangare ya sauko ta tsakiyar Mayafin Amarya bai ko jiƙa ba.

In kuna tsammanin an fasa bikin, ba ku san manya ba. Doña Rosaura ta ce motarta za ta tashi ƙarfe ɗaya, kuma an riga an buga allon. Aka miƙa mata almakashi ta yanka kyalle. Aka ce wa masu hoto su durƙusa su ɗauko fuskoki da sararin sama kawai. Don Abelardo ya zaro jawabinsa shafi huɗu ya karanta duka, har da inda yake cewa "wannan ruri da kuke ji a bayana." Fada Anselmo ya tsoma reshe a bokiti yana yayyafa wa dutsen.

"Fada, juye masa duka," in ji Fefa. "Naka ya fi nasa yawa."

Hoton da ya fito a jarida ranar Litinin na shekara uku baya ne, ruwa fari fat, an manna kan Don Abelardo a gefe.

Ranar Talata sai ga shi a rumfar alfadarai, ba hula, ba turare. Baƙin otal ɗinsa sun fara ƙorafi, kamfanin jiragen ruwa ya bugo waya. "Casilda, kai ni wurin yayanki."

"Wanne? Ɓarawon?"

"Don Allah, Casilda."

Na kai shi, don ba zan bari wani ya ba ni labarin wannan ba. Daga gindin magangara zuwa gona alfadari ba ya hawa, ƙafa ce da hannu, ana kama saiwoyi. Sau uku yana zamewa. Da muka kai, farin wandon ya koma launin koko, yana numfashi kamar tsohon injin niƙa. Telo na zaune a inuwa yana gyara jarka. Ya tura masa kututture ya zauna, ya ba shi ruwa a gwangwani.

"Eleuterio, ɗan'uwana," in ji shi da ya samu numfashi. "Tare muka tashi. An samu rashin fahimta. Ka san harkar ofis, magana takan fita da zafi. Kwamiti ya sake nazari, mun ga cewa na ɗan lokaci, a tsakaninmu, za ka iya mayar da abin nan."

Telo ya cire hula ya zaro takardar, ya buɗe ta a gwiwarsa. "Nan an ce ko tsakuwa ɗaya."

"Takarda ce kawai! Kawo in yaga."

"Tawa ce." Ya ninke ya mayar.

"To, za mu ɗauke ka aiki. Da albashi, da riga mai tambarin kwamiti."

"A zauren za ka faɗa?"

"Me?"

"Cewa ba sata na yi ba. A zauren, da mutanen da suka ji na farko."

Don Abelardo ya goge wuya da hankici. Ya kalli bishiyoyi, ya kalli ni, ya kalli ƙasa. "Ka gane, a matsayina, ba zai yi kyau ba. Ga 'yan birni suna kallonmu. Mu manta da abin da ya wuce kawai."

Telo ya waiwaya ya dubi katangar da ya gina. Aladun na kwance a inuwarta suna kaɗa kunne. "Sun riga sun saba da ita," ya ce, ya ci gaba da gyaran jarkarsa.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na ji haushin Telo a watannin nan. Baƙi suka daina hawa, alfadarai na tsaye suna cin ciyawar da ba su nema ba. Biyu daga cikinmu suka sayar da nasu suka koma wanke zannuwan gado a otal. Na hau na zazzage shi, na ce taurin kansa ya fi na Capitán, shi ya ji daɗin zuciyarsa mu muna shan wahala. Ya bar ni na gama, ya nuna mini kokonsa. Ganye ya yi ruwan ƙasa ya nannaɗe. Da jarka yake ɗebo ruwa daga ɗan abin da ya rage a rafin, bishiya bishiya, mutum mai shekara sittin da takwas. Bishiya arba'in da ɗaya suka mutu a ranin nan, waɗansu mahaifinmu ne ya dasa su. Na juya na sauko.

Shi kuwa kwamiti, cikin mako uku ya samo izinin da Telo bai taɓa sanin ana nema ba. Ba a kira abin madatsa ba, aka ce aikin farfaɗo da rafi ne. Surukin Don Abelardo, Wilkin, wanda gwanintarsa gina wurin ninƙaya a otal, shi aka ba kwangilar. Suka zuba kankare a gonar wani can sama da ta Telo, suka shafa masa fenti launin dutse, suka dasa furanni a gaba, suka ja ƙaton bututu ya kewaye gonarmu ta baya har bakin magangara. Aka ɗauko wani ɗan ƙanen matar magajin gari aka sa masa koriyar riga, aikinsa murɗa wani ƙarfe mai kamar sitiyari. Sunan muƙaminsa jami'in kula da muhalli.

Bana, wata Lahadi a Fabrairu bayan an tashi daga coci, Telo ya same ni a rumfa ya ce in kai shi gindin ruwan. Na ce me zai yi a can. Ya ce bai taɓa ganinsa daga ƙasa yana zuba da rani ba, kullum yana sama riƙe da murfi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce ya hau Paloma, ya ce ƙafarsa lafiya lau.

A ƙofa sabon mai tikiti, wani baƙon gari, ya tare shi. "Baba, tikiti."

"Kai, ka san ko waye wannan?" na ce.

Telo ya taɓa hannuna, ya ciro kuɗi ya biya, aka ɗaura masa ɗan zaren roba a wuyan hannu kamar kowane Bature.

Ya tsaya a bakin tafki, hula a hannu, feshi na jiƙa masa riga. Baƙi na tsalle suna ihu, wata na ta gyara gashi tana ɗaukar kanta hoto. Ya daɗe yana kallon sama.

"Ashe haka yake," ya ce.

Can kuma ya karkata kai yana saurare, ya runtse ido ɗaya. "Ya buɗe da yawa. Ƙarfe ɗaya ba za ta yi ba zai ƙare."

Muka zauna a kan wani gungume muna jira. Ɗaya saura minti goma ruwan ya fara tsinkewa, ya rabu gida biyu, ya koma igiya. Daidai nan ayarin baƙi talatin daga jirgin ruwa suka ɓullo kwana, jagoransu na gaba da 'yar tuta yana ce musu su shirya kyamara.

Telo ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Yunwa nake ji, Casilda. Fefa na yin kifin nan da ruwan kwakwa yau?"

Na ce tana yi. Na kwance Paloma muka gangara.